Neman shawara: bareyina sun ƙi girma, iri ne, ko yanayi, ko abinci?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina kiwon bareyi uku, namiji ɗaya da mata biyu, a wani ɗan shinge da na yi a gonata da ke hanyar Giwa. Na same su suna ƙanana, ina ba su dusa da ciyawa, wani lokaci da harawa, amma da na ɗora namijin a kan sikeli makon jiya, kilo 19 kawai ya yi. Kwanan baya ɗana ya nuna mini bidiyon bareyin Kanada, masu ƙaho mai rassa da ƙirji kamar na maraƙi, tun daga ranar kuma hankalina bai kwanta ba. Wani dillali ya ce zai samo mini irin na waje idan na ba da kafin alƙalami, wani kuma ya ce allurar ƙiba ce maganin abin. Kafin in saki kuɗina ina so masana su fahimtar da ni dalilin da ya sa barewar wata ƙasa take fin ta wata girma, da abin da ya dace in yi.

Malamin nazarin halittu, daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, dabbar da ka gani a bidiyo da wadda ke shingenka ba dangi ɗaya ba ne, ko da yake Hausa ta haɗa su a suna. Waccan ƙahonta ƙashi ne da yake faɗuwa kowace shekara ya sake tsirowa, tamu kuwa ta fi kusa da akuya da tunkiya, ƙahonta kuma ba ya faɗuwa har ta mutu. Barewarmu mai jan goshi, idan ta cika girma, tsakanin kilo 20 zuwa 35 take tsayawa, don haka namijinka ya ɗan gaza, amma ba gazawar da kake tsoro ba.

Tambayarka dai tana nan daram, domin ko a cikin jinsi ɗaya ana samun bambanci mai ban mamaki. Barewa mai farar wutsiya ta Amurka misali ce mai kyau: a ƙananan tsibiran da ke kudancin Fulorida namiji ba ya wuce kilo 25 zuwa 34, amma ɗan uwansa na Kanada yakan haura kilo 100, wani har 130. A shekarar 1847 wani Bajamushe mai suna Carl Bergmann ya lura cewa dabbobi masu ɗumin jini sukan fi girma a ƙasashen sanyi. Dalilin kuwa duk wanda ya taɓa cin tuwon biki ya san shi, domin babbar tukunya tana daɗewa da zafinta bayan ƙaramar ta huce. Babban jiki yana da ƙarancin fata idan aka gwada da yawan namansa, saboda haka ba ya saurin zubar da ɗumi, kuma yana iya ajiye kitsen da zai ɗauke shi watannin ƙanƙara.

Sai dai ni ban yarda sanyi kaɗai ne ke yin wannan aiki ba. A tsibiran Sibalbad, can kusa da ƙarshen arewacin duniya, barewar da ake kira rendiya gajera ce, tana cikin mafi ƙanƙanta a danginta, alhali wurin ya fi kudancin Kanada sanyi nesa ba kusa ba. Masanin dabbobin daji Valerius Geist ya yi jayayya da wannan ƙa'ida, yana ganin abin da ya fi tasiri shi ne yawan ɗanyen tsiro mai gina jiki da dabba take samu a lokacin da take girma, da kuma tsawon wannan lokaci. A ganina maganarsa ta fi dacewa da abin da ido yake gani.

Hajiya mai kiwon tumaki, daga Ƙofar Doka:
Malam na Samaru, Allah ya ƙara ilimi. Abin da muke gani a nan gida ma yana goyon bayanka. Ragon Balami na ƙasar Barno, inda zafi ya fi tsanani, ya fi 'Yankasa girma, 'Yankasa kuma ya fi gajerun tumakin kudu, haka ma shanun Bokolo da Rahaji idan aka jera su da Muturu, gajerun shanun kudu. Da sanyi ne kaɗai ma'auni, da ba haka lissafin zai fito ba. Abin da shekarun kiwo suka koya mini shi ne, ɗan da uwarsa ta sha wahala tana ɗauke da cikinsa ba ya kamo tsararrakinsa, ko da za a zuba masa buhun dusa kullum. Mai tambaya, ka san halin da iyayen bareyinka suka kasance a ciki kafin a haife su?

Likitan dabbobi, daga Shika:
Hajiya ta taɓo jijiyar maganar. Masu bincike a Jami'ar Jihar Misisifi ta Amurka sun kamo bareyi masu ciki daga yankuna uku na jihar, ɗaya mai ƙasa mai albarka inda bareyi suke da girma, ɗaya matsakaici, ɗaya kuma mai ƙasa maras ƙarfi inda suke ƙanana. Sun reni 'ya'yan a shinge da abinci iri ɗaya, mai sinadarin furotin, wato mai gina jiki, kashi 20 cikin ɗari. 'Ya'yan farko sun ɗan ƙaru amma bambancin bai tafi ba, sai a jikoki, waɗanda iyayensu mata suka tashi cikin ƙoshi, aka ga na yankin da ya fi talauci sun ƙaru ƙwarai, sun rage tazarar. Ke nan abin da mutane suka daɗe suna kira bambancin iri, akasarinsa yunwar da aka gada ce daga uwa.

Haka ya faru da jar barewar Sikotland, wadda take ƙarama a duwatsun ƙasarta masu ƙarancin abinci. Da aka kai wasu yankin Otago na Niyu Zilan a 1871, suka tarar da daji maras abokin takara, sai jiki da ƙaho suka bunƙasa. Da suka yi yawa suka cinye abincin, girman ya koma baya, har gwamnati ta shiga rage su a shekarun 1930. Cunkoso yana ƙanƙantar da dabba, a daji ne ko a shinge.

Malam, kada ka ba dillalin nan ko sisi. Barewar ƙasar sanyi za ta sha wahalar zafin Maris da Afrilu a Zariya da kaska da cututtukan da jikinta bai sani ba, kuma shigo da dabbar daji yana buƙatar izinin hukuma, kamar yadda riƙe naka ma yake buƙata, don haka ka je ma'aikatar da ke kula da gandun daji ka daidaita takardunka. Allurar ƙiba kuma ba ta ƙara tsawon ƙashi, ga haɗarin kama barewa da ƙarfi, domin firgita kaɗai tana iya kashe ta. Ka kai kashinsu asibitin dabbobi a duba tsutsar ciki, ka sa musu gishirin lasa, ka faɗaɗa shingen, sannan ka rage dusa, saboda yawanta yana lalata musu tumbi.

Dattijo, tsohon maharbi, daga Kwarbai:
Ɗana, barewa ba tunkiya ba ce. A daji da damina takan zaɓi ɗanyar ciyawa mai taushi, da rani kuma ta koma ga ganye da 'ya'yan itatuwa, musamman gawo, wanda yake fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Waɗanda muka riƙa gani kusa da fadama kullum sun fi na tudu cika. Ka nemo musu 'ya'yan gawo da ganyen aduwa, kuma ka yi haƙuri da namijin, wuyansa da ƙahonsa ba su gama kauri ba tukuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Hajiya, na tuna wanda na saya a wurinsa a ɗan ƙaramin keji yake tsare da uwarsu, kuma a rame take. Na janye daga maganar dillali. Likita, ɗaya daga cikin matan tana da ciki, me zan fi mayar da hankali a kai?

Likitan dabbobi:
To, a nan aikinka yake, Malam. Cikin barewa kusan wata shida ne, kuma ɗan yana yin mafi yawan girmansa a wata biyun ƙarshe, saboda haka daga yanzu har ta yaye kada harawar gyaɗa ko ta wake ta yanke mata, tare da ganyen da Baba ya ambata da ruwa mai tsabta. Ka ware mata kusurwa mai inuwa da ciyawa doguwa inda za ta ɓoye ɗanta, ka hana yara da karnuka zuwa wurin. Kada ka ba ta maganin tsutsa sai likita ya zaɓa maka wanda ba ya cutar da ciki. Idan ta haihu, ka bar ɗan da uwarsa kada a taɓa shi a kwanakin farko, sannan ka rubuta ranar, domin idan ya kai shekara biyu mu gwada nauyinsa da kilo 19 na ubansa.