Allurar rage ƙiba tana firiji tun Litinin, na kasa yi wa kaina

Maman Ilham, Kubwa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya taɓa yin allurar nan ta rage ƙiba ta sati sati ya taimaka min. Likita ne ya rubuta min Ozempic bayan gwaji ya nuna sugana ya hau, ga ciwon gwiwa ga nauyi kilo 104, ya ce in fara da miligiram 0.25 har sati huɗu sannan in koma ya gan ni. Tun Litinin na siyo tana nan a firiji kusa da robar markaɗe, kullum sai in buɗe in kalle ta in rufe, ni da ko rigakafi za a yi wa Ilham sai na kau da kai. Abu uku nake son sani. Alhamis ta sama zan tafi Jos bikin ƙanwar maigida kwana biyar, in fara gobe Juma'a ko in bari sai na dawo? Sannan layinmu sai a yi kwana biyu ba wuta, ya zan yi da ita? Na uku, a ciki kuke yi ko a cinya, wanne ya fi wa matsoraciya?

Ummu Sudais: Wslm. Nawa kika siya?

Zee Gwarimpa: Ke dai ki bar allura, ki daina tuwon dare ki riƙa shan ruwan ɗumi da citta da lemon tsami da asuba, wata biyu za ki ba da labari

Maman Ilham, Kubwa: Dubu 320 a famasi. Zee citta kam na sha har ta isa a yi gona a cikina.

Anty Rabi, Karu: 320? To ni wa ya cuce ni, dubu 450 na biya wancan watan

Ummu Sudais: Ni kuma an ce min 180 ake samu wajen wata mai kawowa daga Dubai, shi ya sa na tambaya

Famasis Auwal: Kuɗin ba zai zo ɗaya ba, a cikin wani abu kamar biro allurar take zuwa, biron kuma kala kala ne, wani ƙarfinsa ya fi wani, wasu ma Mounjaro suke yi suna ce mata Ozempic alhali maganin cikinsu daban ne, kamfaninsu ma daban. Hajiya Maman Ilham, ciki ko cinya duk ɗaya ne, ƙarƙashin fata ake yi ba cikin tsoka ba, kuma bakin allurar siriri ne gajere ƙwarai, ba irin na allurar maleriya da kike tunawa ba. Ki wanke hannu, ki duba ruwan ya zama garau ba gurɓata, ki ɗaura sabon baki, in biron sabo ne ki murɗa zuwa alamar gwaji ki danna har ki ga ɗigo ya fito. Sai ki murɗa zuwa 0.25, in a ciki ne ki ba cibiya tazarar yatsu uku, ki soka ki danne maɓallin har lambar ta koma 0, kar ki zare sai kin ƙirga shida a hankali. Ki cire bakin ki jefa a roba mai kauri mai murfi inda yara ba sa kai wa. Sati na gaba ki canza wuri. Kuma ba a aron biro ko da an canza baki.

Baban Khalifa: Hajiya ki ba ni 320 ɗin, kullum in zo lokacin cin abinci in zauna gefenki, wallahi sati uku kin dawo budurwa. Mu tun 2023 da aka cire tallafin mai aka yi mana tamu allurar kyauta, har yau belet ɗina sabon rami nake huda masa

Uwar Biyu, Lugbe: Ummu Sudais ki tsaya ki ji nawa kafin ki je wajen mai Dubai. Bara saura sati shida bikin 'yata ta fari, na ga wata tana talla a sitatus da hotunan mata kafin da bayan, ta ce dubu 40 duk allura ɗaya. Na kwashi kuɗin adashina ban gaya wa Alhaji ba na tura mata na biyar. Ɗan aike ya kawo min da azahar cikin zafin Maris, baƙar leda ce ya ciro daga akwatin bayan mashin tana ƙamshin shawarmar wani, a ciki sirinji biyar an riga an zuƙe ruwan an ɗaure su da kyauro, ba kwali ba takarda ba ko ƙanƙara. Zuciyata ta ce min wani abu amma idona yana kan leshin da na ba tela. Na yi ta farko ban ji komai ba, na yi mata magana ta ce jikina ne mai ƙarfi in haɗa biyu a sati na gaba. Na haɗa. Daren nan ban runtsa ba, amai tun ina kai wa banɗaki har aka ajiye min bokiti, ruwa ma in na kurɓa dawowa yake, kwana uku a haka sai da na faɗi a kicin yara suka kira babansu daga ofis. A asibiti leda bakwai ta ruwa aka ƙara min, suka ce rashin ruwa ya fara taɓa ƙoda. Abin da ya fi min ciwo ba jinyar ba ce, likita ta tsaya a kaina gaban Alhaji tana cewa Hajiya me kika yi wa kanki, meye sunansa, miligiram nawa, ni kuwa ko ɗaya ban sani ba, sai sirinji biyun da suka rage na sa aka ɗauko a gida, ta juya su ta ce wannan ai ko ruwan gishiri ne ba wanda zai iya faɗa. Matar kuwa ina tura mata hoton hannuna da kanula ta yi bulokin ɗina. Kuɗin asibiti ya ninka na allurar, ranar kamu a kujera na wuni kamar baƙuwa, dangin miji suna ta raɗa wai ciwo nake ɓoyewa. Kilo shidan da na zubar kafin babbar sallah sun dawo da 'yan rakiya.

Anty Rabi, Karu: Innalillahi. Sannu Uwar Biyu, Allah ya isar miki

Zee Gwarimpa: Kun gani ko? Ni dai na faɗa

Maman Nana, Jos: Allah ya ƙara lafiya Hajiya amma araha ba ta ado, wannan ai ba laifin allura ba ne. Ni wata takwas ina yi, kilo 13 na sauke

Uwar Biyu, Lugbe: Ban ce laifin kowa ba ne, nawa na faɗa. Kuma a ɗakin da na kwanta akwai wadda ta famasi ta siya da kwalinta, tsakuwa aka samu a matsarmamarta

Famasis Auwal: Duka biyun suna faruwa. Jabu kam akwai, ko Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ta fitar da gargaɗi a Yunin 2024 bayan an kama na jabu a Birazil da Ingila da Amurka, a Ostiriya ma 2023 an kwantar da mutane saboda insulin, allurar sauke suga, aka zuba a biron. Ita ta gaskiyar ma in aka yi gaggawar ƙara awo tana kayar da mutum, shi ya sa ake sati huɗu a ƙaramin. Tashin zuciya da cushewar ciki an saba gani, amma ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har baya, ko aman da ya hana shan ruwa, wannan asibiti ne kai tsaye. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta yi, haka wanda wata irin kansar tayirod ta maƙogwaro take danginsu.

Sista Hauwa: Malam Auwal da girmanka amma ai ba a koya allura a rubuce. Shekarata 14 ina aikin nas, ta je wajen nas mafi kusa a yi ta farko a gabanta ta gani da ido, ku naku miƙo kwali ne ta taga

Famasis Auwal: Sista ai shi kwalin sai da muka yi shekara biyar muna karanta abin da ke cikinsa. Amma ban ƙi taki ba, ta je ɗin

Anty Rabi, Karu: Ku duka cikinku wa ya taɓa soka wa kansa? Ganau ya fi jiyau. Maman Ilham kar ki fara gobe, ni satina na farko ko ƙamshin suya na ji sai zuciyata ta tashi, ki yi tunanin kwane-kwane da hawan nan na bayan Akwanga kina riƙe da leda a mota, ga gidan biki kowa na tura miki masa da miyar taushe kina cewa a'a, surukarki ta ce raini ne

Maman Nana, Jos: Ni 0.25 ban ji komai ba sai da na koma 0.5. Ta fara abinta. Kuma in ta zo Jos ai garin kansa firiji ne, ni a durowa nake ajiye tawa

Sista Hauwa: Durowa?? Takardar cikin kwalin ma ba ki karanta ba

Maman Nana, Jos: Na karanta, wadda aka fara amfani da ita tana iya zama a waje sati shida in zafi bai wuce digiri 30 ba. Mu a Rayfield yaushe muka ga 30 a ɗaka

Famasis Auwal: Wasu takardun kwana 56 suka rubuta, kowa ya bi ta cikin kwalinsa. Wadda ba a buɗe ba ita ce lallai sai firiji, tsakanin 2 zuwa 8. Kuma kar a sa a firiza, in ta daskare ta tashi aiki ko da ta narke

Ummu Sudais: Firiji da wace wutar? Mu nan Dutse Alhaji yau kwana tara taransifoma ta ƙone, an karɓi dubu biyar biyar gida gida tun satin jiya har yanzu ko tsani ba mu ga an kafa ba. Naman da na aje na miya sai soye shi na yi duka

Baban Khalifa: Ku gode Allah ku ba a maida ku Band A ba, rukunin masu biyan wuta mafi tsada. Tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 aka ce awa 20 za a riƙa ba mu, ni dai in na haɗa ta dare da ta rana ban san ko ta kai tara ba, amma mita kamar ita ke shan allurar Hajiya, kullum a rame

Zee Gwarimpa: Wallahi dubu 20 na sa Lahadi, jiya ta fara kuka

Maman Ilham, Kubwa: Na gode duka, Uwar Biyu Allah ya ƙara sauƙi. To amma har yanzu ban gane ba, tunda ba a buɗe ta ba kuma tun safe ba wuta firijin ya fara hucewa, in na sa ta a kula da ƙanƙara ba za ta daskare ba? Kuma goben in yi ko in bari?

Anty Rabi, Karu: Ki sa sola kawai ki huta, ni tun da na sa batir biyu na manta da su

Ummu Sudais: Anty nawa ya tasar miki gaba ɗaya? Yana ɗaukar firiji?

Anty Rabi, Karu: Da rana yana ɗauka. Bari in nemo lambar yaron da ya haɗa min, sai dai shi ma sai kin yi ta binsa