Me za mu kira jagoran da ke karanta wa mutane daji?

Jama'a, salamu alaikum. Ina tsara darasi da Hausa ne don masu koyon jagorancin baƙi a daji, sai kalmomin Turanci biyu suka tsaya mini a wuya: ecotourism da interpretation. A taimaka.

Ta farkon da sauƙi. Ana jingina ƙirƙirarta ga Héctor Ceballos-Lascuráin, masanin zanen gine-gine ɗan Meziko, a 1983. A 1990 TIES, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu wannan fanni, ta fayyace ta: a ziyarci daji ko dutse ko bakin ruwa ba tare da an ɓata wurin ba, mutanen yankin kuma su amfana. Na ga masu rubuta "yawon shaƙatawa a daji", ban yarda ba. Wanda ya shiga daji da kiɗa, ya watsar da leda ya fito, ai shi ma ya shaƙata. "Yawon buɗe ido na kare muhalli" na ɗauka. Yana da tsawo, amma bai yi ƙarya ba.

Ta biyun ce matsalar, kuma ba ta tsallakuwa, don a 2015 ita TIES ɗin ta shigar da ita cikin ma'anar ecotourism ɗin kanta.

Ga abin da ake nufi. A ce jagorori biyu sun tsaya da baƙinsu a gaban suri. Na farko ya ce, "Wannan gidan gara ne," ya faɗi sunanta na kimiyya, ya wuce. Na biyu ya ce a durƙusa a duba ƙananan ramukan da ke jikinsa, ya tambaya ko an san a cikin ginin nan akwai gona. Sai ya bayyana cewa wasu nau'in gara naman gwari suke nomawa a kan ciyayin da suka tauna, ginin kuma shi ke shigar musu da iska ya fitar. Daga ranar duk wanda ya ji haka ba zai ƙara ganin suri a matsayin tulin ƙasa ba. Aikin na biyun nake nema wa suna. Freeman Tilden, wanda ya rubuta ƙa'idojin fannin a 1957 don gandayen dajin Amurka, cewa ya yi zuba bayani kaɗai bai isa ba, manufar ita ce a zaburar da tunanin mai sauraro.

Wani malami ya rubuto cewa a sa "fassara", mai yin aikin kuma "tafinta". Allah ya gafarta Malam, in na rubuta tafinta, ɗalibi zai ɗauka aikinsa juya Turancin baƙo ne zuwa Hausa. "Tafsiri" kuwa yana da gidansa, ba zan ja shi daji ba. "Bayani" shi ne abin da jagoran farko ya yi.

Ni "fashin baƙi" ya kwanta mini. Baƙi shi ne rubutun da ke kan takarda, fashinsa kuma a fasa shi a fito da abin da ke ciki. Haka daji yake: sawun dabba a laka, ɓawon itacen da giwa ta saɓule, carki a bayan ɓauna, duk rubutu ne da baƙo ke kallo bai iya karantawa ba.

Sauran kalmomin tsara tafiya ma sun biyo baya da kansu. Saƙo ɗaya da ake so baƙo ya koma gida da shi, "jigo" ke nan, kamar yadda masu nazarin adabi ke cewa, kuma jimla ce cikakkiya: ba "gara" ba, "gara ce ke raya ƙasar dajin nan". Wuraren tsayawa "zango". Iyakar mutanen da wuri zai iya ɗauka "geji", irin na Ruwanda, inda mutum 8 kawai ke ziyartar garken gorila ɗaya a rana, su yi awa 1 su juyo.

To, ina cikin jin daɗi sai wata Hajiya ta ɓata mini lissafi. Ta ce, "Malam, ka rubuta 'jagora mai fashin baƙi' a allon talla ka ga ko baƙo ɗaya zai biyo ka daji." Na karanta sau biyu kafin na fashe da dariya. Gaskiyarta! A baki ba a ruɗewa, baƙin rubutu gajere ne, baƙi jam'in baƙo kuwa ana jan wasalinsa. Amma a rubuce ɗaya suke, fashi kuma kowa ya san ɗayar ma'anarsa.

Hajiya, na sallama rabi. A aji da littafin koyarwa zan bar "fashin baƙin muhalli" a matsayin sunan fannin. A allo da katin shaida kuwa "jagoran fahimtar da muhalli" zan sa, sai dai in wani ya kawo wanda ya fi shi gajarta kafin in miƙa darasin ranar Litinin.