Kayan fashi na amarya daga Kano zuwa Maiduguri, ya zan yi su isa lafiya?

Yayar Amarya: Salam jama'a, shawara nake nema. Na siyo wa ƙanwata dina set 2, kofunan gilas dozin 3 da dogon madubi a Sabon Gari, jere ranar Alhamis a Maiduguri. Motar gida bata samu ba. In bayar a tasha ko in bi kayan da kaina?

Abu Hafsat: Ki sa a motar gida kawai.

Yayar Amarya: Malam ai na ce babu

Uwar Biyu: Hmm kin tuna min. Bikin 'yata na cika kwali da tsummokara har da zanina, na rubuta GILAS da jan biro, kwandasta ya ce Hajiya kar ki damu, ashe buhun shinkafa ya ɗora a kai. Kafin Potiskum ina jin ƙacau ƙacau daga but ina ta salati, da muka buɗe faranti 4 ne suka tsira. Madubin kuwa kwantar da shi sukai, ya rabe biyu. Kuma 7,000 na biya kuɗin kaya!

Ɗan Tasha: 7,000 kwali ɗaya? An cuce ki Hajiya, 3,000 ne.

Uwar Biyu: Kai a wace shekarar?

Malamin Kimiyya: Hajiya wannan ƙarar da kika ji ita ce matsalar, akwai fili a kwalin, gilas na dukan gilas. Ba gudu ke fasa shi ba, tsayawa farat ɗaya ce. Jefa ƙwai a bango ya fashe, jefa shi cikin zanin da mutum biyu suka riƙe ba abin da zai same shi, don zanin ya tsayar da shi a hankali. Aikin soso kenan. Kowane kofi a naɗe shi daban da jarida, a cusa wata a cikinsa, faranti a jera su a tsaye, madubi ma a tsaye don lanƙwasa ce baya jurewa. Girgiza kwalin, in kin ji motsi ƙara cika. Kuma banda bayan mota, can yafi tsalle.

Ɗan Tasha: Malam ka taɓa lodi? Shekarata 12 a tasha, tsakanin katifu biyu muke sawa shikenan.

Malamin Kimiyya: To ai maganata ka maimaita

Na Gidan Baba: Ki siya mata na roba, ko ango ya ɓata mata rai ta wurga ba asara 😂

Maman Ilham: Ni ba direba ne ya cuce ni ba wlh, 'yan jere ne. Kaya sun iso lafiya lau, washegari kofi 6 babu, kuma dangin miji suka zo suna ƙirga kwanuka wai kayan sun yi kaɗan.

Uwar Biyu: Ai wannan ƙirgen ya fi fashewar ciwo, tawa har kabet suka buɗe suna leƙawa.

Yayar Amarya: Jama'a madubin fa, kujera zan siya masa ko yaya?