Multipiste: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

Mai tambaya, daga Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina tara kuɗi in sayi ƴar na'urar ɗaukar sauti da mikro, in riƙa aiki cikin ɗakina. Irin wadda ake ce ma multipiste nake so: in ɗauki gurumi shi kaɗai, in dawo in ɗora kalangu, sannan murya, kowane a wurinsa, in na yi kuskure a murya in sake ta ban taɓa gurumin ba. Da na zo yi wa babana bayanin abin da kuɗin za su saya, sai Hausa ta ƙare mini. Rikoda dai ya sani. To piste fa?

Mai gyaran rediyo a kasuwar Katako:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mu nan layi muke cewa. Rikoda mai layi huɗu, mai layi takwas, shi ke nan.

Mai tambaya:
Yaya, na gwada. Baba ya ce ashe har kira take yi, kamar salula mai layi biyu.

Malamin makaranta, daga Tawa:
Dariya ta kama ni. Ni da gona na fara tunani, tunda kowane sauti da jerinsa kamar shuka, sai na ce kunya. Amma ka je kanti ka ce a ba ka rikoda mai kunya takwas, ka ga yadda za a dube ka. Na janye. Sawu fa? Piste ɗin ma asalinta sawun da ake bi ne.

Mai gyaran rediyo:
Malam, mai sawu huɗu kunne zai ji kamar sau huɗu take ɗauka ta mutu.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin rediyo:
Ƴaƴana, ku bar ni in sa baki. A zamanin kaset abin a zahiri yake: zaren kaset ɗin ne ake rabawa a tsaye gida huɗu. Portastudio ta farko da kamfanin TEAC ya fitar a 1979 haka take aiki, gida huɗun duka fuska ɗaya suke tafiya, shi ya sa ba a juya kaset ɗin. Yanzu kati ne ake sawa ciki, babu zaren da za a raba, amma aikin bai sauya ba. Ku dubi mai tufka igiya. Sili-sili yake ware kaba, kowane daban, sannan ya murɗa su su zama abu guda. To piste sili ce. Abin da masu Faransanci ke kira mixage kuma tufka ne. In sili ɗaya ya yi kauri ka rage shi, in ya lalace ka zare shi ka sa wani.

Malamin makaranta:
Baba, wannan ta zauna. Har aikatau ta zo da shi: na tufke waƙar, ban tufke ba tukuna. Layi ba ya ba mu wannan.

Dattijo:
Saura guda, kuma nan ne masu saye ke faɗawa rami. Yawan sili daban, yawan wurin soka mikro daban. Wannan na biyun ku ce masa kafa. Rikodar Zoom R8 sili takwas gare ta, amma kafa biyu, wato biyu kawai take ɗauka lokaci ɗaya. Kai da za ka yi aiki kai kaɗai ta ishe ka, kuma tana aiki da pil huɗu in wuta ta ɗauke. Mai son ɗaukar makaɗa biyar a zama ɗaya kuwa, kafa zai ƙirga.

Mai tambaya:
Na gode Baba. Mikro fa, a nema masa suna?

Mai gyaran rediyo:
A bar shi, ko ƴan wasan biki mikro suke cewa. Irinsa dai za ka lura. Wanda ake kira kondansa sai an ba shi wuta volt 48 daga rikodar, kuma kunnensa ya cika kaifi: fanka, zakaran maƙwabta, kabu-kabu a titi, duk zai kwaso. Ɗakin da ba a toshe ba, dinamik irin Shure SM58 ya fi, sai dai jabunsa ya yi yawa a kasuwa, ka sa a jona maka ka ji kafin ka biya. Ni dai a rumfata layi zan ci gaba da cewa, kada masu saye su gudu.

Mai tambaya:
Na faɗa wa babana da daren nan: rikoda mai sili takwas, kafa biyu. Ya ce to wa zai yi tufkar? Na ce ni. Ya ce Allah ya sa ta fi igiyar akuyar da na tufka bara.