"Gani ya kori ji": har yanzu kuwa?

Mushe (malamin makaranta) na unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Karin maganar yau kowa ya san ta: gani ya kori ji. Na ba 'yan ajina aikin gida, kowa ya kawo labari guda ya faɗi yadda ya tabbatar da shi. Wani yaro ya kawo bidiyon ruwa yana tafiya da motoci, an rubuta a ƙasa wai Maraɗi ce a daminar 2024. Na ce ya aka yi ka san nan ne? Ya ce mushe, da idona na gani, gani ya kori ji. Aji ya ɗauki tafi. Da muka tsayar da bidiyon muka duba allon wani shago da ke bayan motocin, rubutun Turanci ne, farashi kuma da naira. Ambaliya kam an yi ta a garin nan namu na Maraɗi a shekarar, har da asarar rayuka, amma wancan hoton ba namu ba ne. To karin maganar ce ta tsufa, ko yaron ne ya ɗora ta inda ba wurinta ba?

Baba na Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Mushe, kada ka ɗora wa magabata laifin ɗalibinka. Ganin da suke nufi shi ne ka taka da ƙafarka. An ce maka gero ya yi sauƙi a kasuwar Tibiri, sai ka je ka tsaya gaban mai awo ka tambayi kuɗin tiya. Yaron nan ina ya je? Wani ya ɗauka, wani ya yanke, wani ya liƙa sunan gari, wani ya turo masa. Wannan ji ne, ta ido kawai ya shigo.

Ɗiyar Bagalam:
Baba, ku gafarce ni, in haka ne karin maganar ba ta da amfani a wurinmu 'yan makaranta. Ina karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma kusan duk abin da na sani ji na yi. Ban je Yamai na ga an sa hannu a takardar ranar jarrabawa ba, ban ga ƙwayar cutar da ake koya mana da idona ba. In sai na taka da ƙafata zan yarda, ba zan san komai ba. Abin da ya kamata a koya wa yara shi ne tantance ji da ji: wa ya faɗa, yaushe, a ina ya samo, me zai ci in na yarda. Ni na fi riƙe "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi". Duk shekara in jarrabawar BEPC ko Bac ta matso, sai saƙon murya ya fara yawo wai an ɗage, ko wani ya fito yana sayar da tambayoyin da wai suka fita. Mai waƙar a nan ma'aikatar ilimi ce da shugaban makarantarka, can za ka tambaya.

Baba na Mokoyo:
Ɗiyata, ba mu saɓa ba. Zuwa wurin shugaban makarantar da kika ce, ai shi ne takawar.

Mai Gyaran Salula:
Ni a rumfata nake ganin abin kullum. Yara kan kawo waya gyara, in na buɗe sai in tarar da bidiyo iri ɗaya a wayoyi daban-daban, kowanne da sunan garin da aka liƙa masa. Akwai abin da ko ɗan aji shida zai iya dubawa. In saƙo ya zo a WhatsApp da kibiya biyu a samansa, ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka. Kamfanin da kansa ya san matsalar, shi ya sa tun 2019 ya hana tura saƙo ga fiye da wurare 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da irin mai kibiya biyun nan wuri 1 tak. Hoto kuwa, ka sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa za ka ga ya shekara da shekaru yana yawo. Abin da ya fi ba ni tsoro saƙon murya ne. Ba shi da allo balle ka duba rubutu, kuma yanzu kwamfuta tana iya kwaikwayon muryar mutum, ta motsa bakinsa a bidiyo ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Malamin Islamiyya:
Mu a fagenmu an daɗe da gama wannan muhawarar. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike in fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cutar da mutane a kan jahilci mu dawo muna nadama. Malaman hadisi kuma ba su ga Annabi (SAW) da ido ba, amma sun gina ilimin isnadi: wa ya ji daga wa, sun haɗu kuwa, mai gaskiya ne, yana da riƙo? Jin da ke da salsala ya fi ganin da ba a san ubansa ba. Yaran da ke haddace wannan da yamma su ne ke tura abin da suka ga dama da dare, su ƙara da "in kana ƙaunar Annabi ka yaɗa".

Ɗan Fada:
Malam, a yi mini afuwa, ruwa ba ya tsami banza. Sau nawa aka ce jita-jita ce, bayan kwana biyu ta tabbata? Su gidajen rediyon da ake tura mu wurinsu, na gwamnati ne ko na waje, kowanne da mai shi da abin da yake so a ji.

Tsohon Ɗan Jarida:
Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, kuma tana cikin abin da ya kamata ɗalibi ya sani. Kowace kafa da mai ita. Shi ya sa ba a tsayawa kan guda: ka saurari Muryar Sahel, ka saurari Studio Kalangou, ka saurari sashen Hausa na DW, ka lura da abin da wannan ya faɗa wancan ya tsallake. Bambancinsu da mai saƙon murya, suna da suna da adireshi, in sun yi kuskure akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Batun ruwa ba ya tsami banza kuwa, ka tuna watan Agusta na 2014, lokacin da aka tashi mutane cikin dare a Najeriya wai su yi wanka da ruwan gishiri su sha, maganin Ebola. Har mutuwa aka yi. Wancan ruwan, wani ne ya zuba masa tsamin da hannunsa. Sannan 'yan makaranta su sani, ƙasar nan tamu ta Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a 2024 an dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a. "Ni turo mini aka yi" ba za ta fidda kai ba.

Ɗiyar Bagalam:
Duk na ji. Amma ga inda nake maƙalewa. A zauren danginmu na WhatsApp gwaggota ce kan gaba wajen turo irin waɗannan, yau maganin hawan jini, gobe wai kada a karɓi rigakafi. Na san ƙarya ne, na ma gano inda hoton ya fito. Ya zan ce wa ƙanwar mahaifina abin da kika turo ba gaskiya ba ne, a gaban dangi duka?

Baba na Mokoyo:
Kada ki kuskura ki rubuta a zauren, za a ce boko ya ɓata ki. Ki je gidanta ranar Juma'a da 'yar tsarabarki, ki gaishe ta, sai hira ta yi nisa ki ce gwaggo, an nuna mini wata dabara a waya, zo in nuna miki. Ki sa hoton ku duba tare, ki bari ita ta gano da kanta. In na san halin gwaggonni, kafin magariba ita za ta shiga zauren tana yi wa wanda ya turo mata faɗa.