Wai rufe tekun nan da ake yi a Gana yana da amfani kuwa?

'Yar Ashaiman:
Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin abin ku fahimtar da ni. Ni banda nake sarowa a Tema ina kaiwa Kumasi, tun 2019 da aka fara hana masu kwale-kwale fita na wata guda ake ce mana kifi zai dawo, toh ni dai amane (kifin teku irin sadin) ɗin da nake gani yanzu wlh wani ko tsawon yatsana bai kai ba, in an gasa shi sai ya tsotse ya koma kamar ƙirare, ga daro kullum ƙara kuɗi yake. Ta ina ake gane an ci riba?

Dan Takoradi:
Wa alaikis salam Hajiya. Ai amsar tana cikin daronki. In kifi yana farfaɗowa za ki ga manya, masu ƙwai a ciki, kuma masunta su daina nisa. Yanzu kuwa a ƙona firimis (man injin kwale-kwale) a kwana a ruwa a dawo da 'ya'yan kifi da koma cike da leda. Kifin da bai taɓa haihuwa ba aka kama shi, wa zai haifi na baɗi?

Baban Zongo:
Ni abin da ke ƙona min rai saiko ne. An sha ganin manyan jiragen turola (masu jan taru a ƙasan teku) su kwashe ƙananan kifin da ba su aka ba lasisi ba, su daskarar da shi faifai-faifai, su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku a sauke a Elmina ko Apam. Har Tarayyar Turai ta sake ba Gana katin gargaɗi a 2021 kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Ka hana talaka wata ɗaya, babba ya dawo ya share na shekara!

Dan Takoradi:
Gaskiya ne Baba, amma mu ma na bakin ruwa da namu laifin, a faɗa. Ana kunna janareto da fitila da dare kifi ya taru a yashe shi kaf, ga taru mai ƙananan ido kamar gidan sauro. Da can ranar Talata ba mai shiga teku a garuruwa da yawa, ba ɗan sanda ba komai, kowa na kiyayewa.

'Yar Ashaiman:
Allah ya saka muku da alheri. Toh in mu masu saye muka ƙi karɓar ƙananan fa? Sai dai kwastomomina na Kumasi shi suke iya saye yanzu, babba ya fi ƙarfin aljihunsu.