Teburin dukanci a gidan haya da ƙarar guduma

Wasu matasan dukawa da ke haya a benayen Samaru da Sabon Gari sun tattauna kan ƙorafin maƙwabta, ga abin da na tsinta.

Kusan baki ya zo ɗaya cewa nauyin tebur ya fi faɗinsa muhimmanci. Siririn katako amsawa yake kamar ganga, ƙarar ta bi ƙafafu ta shiga daɓe, ta sauka kan mutanen ƙasa. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a samu guntun kututturen ƙirya ko maɗaci, a riƙa huda fata a kansa. Wanda ya riga ya sayi tebur, ya yi bugu daidai saitin ƙafa, ya sa yankin tsohuwar taya ƙarƙashin kowace ƙafa, kuma kada ya jingina shi da bango.

An ɗan yi saɓani kan guduma. Ta roba ba ta da ƙara, amma tsalle take, sai an maimaita bugu. Ni dai ta katako na fi yarda da ita.

Wani dattijon baduku ya ce basilla ta isa yawancin hujin ɗinki. Bugu kuwa a yi shi da hantsi, a bar yanka da ɗinki sai dare.